Rababben zobe ko dunƙulalle? Amsa ga ƙanenmu na Jidda kan layin virtio

Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani ƙanenmu ɗalibi a Jidda ya kawo tambaya. Yana rubuta ɗan ƙaramin tsarin sarrafa kwamfuta a matsayin aikin kammala karatu, yana gwada shi a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin wata kwamfutar, yanzu ya iso kan direban faifai da na katin sadarwa. Da ya buɗe takardar ƙa'idar virtio, wato hanyar da direba ke magana da na'urorin da QEMU ke kwaikwaya, sai ya tarar da tsarin layi iri biyu, wanda suke kira split da wanda suke kira packed, ga shi lokacin da ya rage masa kafin hutun Hajji ba zai ishi biyun ba. Wanne zai kama? Mu na Riyad da na Madina mun tattauna, ga abin da muka tsayar.

Ƙane, kama rababben zobe, wato split. Amma kada ka ɗauka don ya fi dunƙulalle, wato packed, inganci ne, shi ya sa za mu jera maka su kafaɗa da kafaɗa.

Aikinsu ɗaya ne. Baƙo, wato tsarinka, da mai masauki, wato QEMU, suna ganin yanki guda na memori. Direba yana ajiye katin bayani mai cewa ga adireshin ma'ajiya, ga tsawonta, karanta ko ka rubuta a ciki. Na'ura, wato faifai ko katin sadarwar da ke ɓangaren mai masauki, ta ɗauka, ta yi aiki, ta mayar. Rusty Russell ne ya assasa virtio, ya shiga Linux 2.6.24 a 2008, kuma rababben zobe ne asalinsa. Ƙungiyar OASIS ta fitar da ƙa'ida ta 1.0 a 2016. Dunƙulallen ya zo ne da ta 1.1 a 2019, shekarar da Linux 5.0 da QEMU 4.2 suka karɓe shi.

Rababbe kashi uku ne. Na farko teburin katuna, kowane kati bayit 16: adireshi 8, tsawo 4, tutoci 2, lambar kati na gaba 2. Na biyu zoben miƙawa, direba kaɗai ke rubutu a cikinsa, girmansa bayit 6 da ƙarin 2 ga kowane gurbi. Na uku zoben mayarwa, na'ura kaɗai ke rubutu, bayit 6 da ƙarin 8 ga kowane gurbi. Layi mai gurbi 256 zai ci 4096 da 518 da 2054, jimla 6668. Dunƙulalle kuwa zobe ɗaya ne na katuna masu bayit 16, inda aka cire lambar kati na gaba aka sa lambar shaidar ma'ajiya, sai 'yan akwatuna biyu masu bayit 4 na sarrafa sanarwa, jimla 4104. Wannan ragin bai kai a yi magana a kansa ba. Bambancin gaskiya shi ne wa ke da ikon rubutu a ina. A rababbe kowane ɓangare da mai shi. A dunƙulalle gurbi ɗaya ne direba ke cikawa, na'ura ta zo ta rubuta amsarta a kai.

Ɗauki karatun faifai guda ɗaya. Buƙatar virtio-blk, wato na'urar faifai ta virtio, kati uku ce: kan buƙata mai bayit 16 da ke ɗauke da nau'in aiki da lambar sashen faifai, ana ƙirga sashe da bayit 512, sai ma'ajiyar bayanai, sai bayit 1 na sakamako. Katunan da na'ura za ta karanta dole su riga waɗanda za ta rubuta. A rababbe sai ka ciro katuna uku daga cikin waɗanda ba kowa a kansu, ko da 5 da 91 da 12 ne, ka ɗaure su da tutar NEXT, biyun ƙarshe ka sa musu WRITE. Ka rubuta lambar na farko a zoben miƙawa, ka sa shinge, wato umarnin da ke hana furosesa sauya jerin karatu da rubutu a memori, sannan ka ƙara 1 a kan idx, wato lambar da ke ƙirga inda zoben ya kai. Na'ura ta gama, ta rubuta lambar kati na farkon da yawan abin da ta rubuta a zoben mayarwa, ta ƙara nata idx. Idan abu ya tsaya, lamba uku kawai za ka duba: idx naka, idx nata, da inda ka tsaya da karba. Nan take za ka gane wa ke jiran wa. Katunanka ma suna nan yadda ka rubuta su, ba wanda ya taɓa. Ga mai aiki shi kaɗai da dare, wannan ya fi kowane irin sauri daraja.

A dunƙulalle babu idx da ake rabawa. Katuna ukun za su zauna a jere, kuma kowane ɓangare yana riƙe da alamar zagaye ta bit ɗaya a wurinsa, mai farawa daga 1, mai juyawa duk lokacin da aka wuce gurbin ƙarshe, kamar mai jan carbi da ya dawo kan dogon ɗan da ya fara da shi. Direba na miƙa kati ta hanyar sa bit na 7, AVAIL, daidai da alamarsa, bit na 15, USED, kuma akasinta. Na'ura na mayarwa ta hanyar sa su biyun daidai da tata alamar. Nan tarko uku ke jira. Tutocin kati na farko su ake rubutawa a ƙarshe, bayan an gama sauran, in ba haka ba na'ura ta ɗauki rabin buƙata. Na biyu, na'ura kati ɗaya take rubutawa a madadin ukun ta tsallake gaba, don haka sai direba ya ajiye tsawon kowace sarƙa a teburinsa na gefe, ya tsallake daidai da ita. Na uku, ba lallai ta rubuta amsar a gurbin da ka ajiye buƙatar ba. Tana rubutawa ne a gurbin da ta iso, lambar shaida ce kaɗai ke gaya maka wace ma'ajiya ta dawo. Wanda ya manta juya alamar zagaye zai ga komai na tafiya lafiya har kati 256, daga nan shiru. Kuma in ka leƙa memori, amsoshin na'ura sun riga sun shafe wani ɓangare na abin da ka rubuta.

Kada wannan ya sa ka raina tarkon rababbe. Idx ɗinsa bit 16 ne, ba ya tsayawa a girman layi, yana ta hawa har 65535 ya koma 0. Shi ya sa dole girman layin ya zama cikin jerin 2, 4, 8 har zuwa 32768, don ya raba 65536 ba saura; dunƙulalle ba shi da wannan sharaɗi. Idan ka ajiye inda ka tsaya a lamba mai bit 32, bayan buƙata 65536 lambarka da ta na'ura ba za su sake haɗuwa ba. Da buƙatu masu bayit 4096, wannan daidai megabayit 256 ke nan. Gwajin ƙaramin fayil ba zai taɓa nuna maka shi ba, sai ka kwafi babba. Haka kuma gurbi 256 buƙata 85 kawai yake ɗauka in kowace na cin kati uku. Maganinsa katin INDIRECT, wanda ke nuni zuwa wani teburin katuna a gefe, kuma tsarin biyu duk suna da shi.

To me ya sa aka ƙirƙiro dunƙulalle? Don rage yawan wuraren da ake taɓawa. A rababbe na'ura za ta karanta idx, ta karanta gurbin miƙawa, ta je tebur ta bi sarƙa, ta rubuta gurbin mayarwa, ta rubuta idx. Galibi kowanne yana layinsa daban mai bayit 64 a kash, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri ta cikin furosesa, yana kai-komo tsakanin furosesa biyu. A dunƙulalle kati huɗu na jere suna cikin layin kash ɗaya, tuta da adireshi a tare. Ribar tana fitowa fili in na'urar ta gaske ce a kan PCIe, wato hanyar da ke haɗa katuna da furosesa, inda kowane karatu tafiya ce da dawowa, ko a manhajojin sadarwa masu sauri irin na DPDK da vhost-user, inda furosesa guda ke zaune yana gadin zoben ba dare ba rana. Ɗan'uwan da ke aikin cibiyar bayanai yana tura ƙananan fakitoci miliyoyi a daƙiƙa, shi ya kamata ya gwada dunƙulalle tare da IN_ORDER, siffar da ke sa na'ura ta mayar da ma'ajiyoyi bisa jerin da aka miƙa su. Kai kuwa abin da zai cinye maka lokaci shi ne ƙwanƙwasa ƙofa: duk sanarwar da ka aika rubutu ce a rajistar na'ura, wadda ke fitar da furosesa daga baƙo zuwa mai masauki, kuma ita ɗaya ta fi karatun kash da yawa tsada. Tara buƙatu ka ƙwanƙwasa sau ɗaya. Daga baya ka karɓi EVENT_IDX, bit na 29 a jerin siffofin da direba da na'ura ke amincewa a kansu tun farko, inda kowane ɓangare ke cewa kada a tashe shi sai an kai lamba kaza.

Abu biyu kuma ba ruwansu da wanda ka zaɓa. Shinge: bayan cika katuna, kafin ɗaga idx ko tuta, sa shingen rubutu. Bayan ganin amsa, kafin karanta ta, sa shingen karatu. Tsakanin ɗaga idx da duba ko na'ura na son sanarwa kuwa cikakken shinge ake sawa, har a x86, don shi ma yana barin karatu ya riga rubutun da ke gabansa. ARM da RISC-V sun fi shi sassauci nesa ba kusa ba, kuma kwaikwayon da QEMU ke yi a kan kwamfutar x86 yakan rufa wa wannan kuskure asiri har sai ranar da aka ɗora aikin a kan allo na gaske. Haka nan duk sanda ka sake buɗe katsewa, wato siginar da na'ura ke tashinka da ita, koma ka duba zoben mayarwa sau ɗaya, don amsa na iya shigowa a ɗan tsakanin nan ba tare da an tashe ka ba. Sai amana: memorin da ake rabawa ba abin yarda ba ne. Lambar da ta dawo, tabbatar ba ta kai girman layi ba kuma tana cikin waɗanda ka miƙa. Tsawon da ya dawo kada ya wuce wanda ka bayar. In wata rana ka rubuta ɓangaren na'ura, kwafi kati sau ɗaya ka yi aiki da kwafin, ka kuma ƙirga tsawon sarƙa, don mugun baƙo na iya ɗaure kati na 3 ya koma kan kansa.

A aikace, ka ware layin a fayil nasa da ayyuka huɗu: miƙa ma'ajiya, ƙwanƙwasa, karɓi wadda ta dawo, kunna ko kashe katsewa. Direban faifai da na sadarwa kada su san wane zobe ne a ƙasa, kamar yadda Linux ya yi a virtio_ring.c. Wajen cinikin siffofi karɓi VERSION_1, bit na 32, ka bar RING_PACKED, bit na 34. Fara da gurbi 8 kamar direban faifan xv6, ƙaramin tsarin nan na koyarwa, don layi ya riƙa cika yana zagayawa da wuri, kurakurai su fito tun kana da lokaci. In ta virtio-mmio kake shiga, wato kana samun rajistocin na'ura kai tsaye a adireshin memori, QEMU na farawa ne da tsohon tsari, sai ka ƙara masa -global virtio-mmio.force-legacy=false, in ba haka ba rajistar siga za ta ba ka 1 maimakon 2, adireshin zobenka kuma su tafi a banza. In aikin ya miƙe kafin hutu, ƙara packed=on a kan na'urar, ka rubuta fayil na biyu, ka auna su biyun da fakiti masu bayit 64 da masu 1500, ka kawo mana sakamakon nan zaure. Allah Ya ba da sa'a.