Na Companies House ko na kuɗin nan mai "kowace ƙasa"? Ɗauki na farko

Ɗan'uwa, kayan aikin biyun da kake son haɗa wa wakilin AI ɗinka (manhajar AI mai yi maka aiki da kanta), wato wanda aka ɗora kan API (ƙofar da manhaja ke bi ta ɗauko bayanai) na Companies House, hukumar rajistar kamfanoni ta Birtaniya, da na kuɗin nan mai cewa yana binciko rajistar kamfani a kowace ƙasa, duk sun bi ta hannuna. Ɗauki na farkon, kuma takardar bayaninsa ce dalilina.

Ba kai kaɗai ne mai karanta wannan bayanin ba. Wakilin da kansa yana karanta shi kafin ya kira kayan aikin. A tsarin MCP, hanyar haɗa wakilin AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamba 2024, abin da wakili ke gani shi ne suna, ɗan bayani, da irin abin da za a shigar. Duk inda bayanin ya yi shiru, sau da yawa ba ya tsayawa ya tambaye ka, hasashe yake yi ya miƙo maka kamar gaskiya.

Na Companies House bai bar wa hasashe ƙofa ba. Lambar kamfani gurbi 8 ce, kuma a matsayin rubutu ake tura ta don kada sifilin farko ya faɗi. Na Sikotilan suna farawa da SC. In babu kamfanin, lambar kuskure 404 za ka gani. In ka wuce kira 600 cikin minti 5, sai 429, ka dakata. Mabuɗin shiga kuma kyauta ne.

Ga abin da ya sa na riƙe shi hannu bibbiyu. Wata rana da dare abokin aikina ya turo mini sunan wani kamfani da zai tura wa kafin alƙalami washegari da safe. Na ba wakilin. Amsar ta fito cewa kamfanin yana raye a rajista, har na ɗauki waya zan ce masa ya biya, sai idona ya kai layi na biyu: ana shirin soke rajistarsa, kuma wa'adin miƙa rahoton kuɗinsa ya wuce. Ashe bayan filin matsayin kamfani akwai wani filin mai ƙarin bayani, kuma wanda ya haɗa kayan aikin ya rubuta ƙarara cewa kada wakili ya ba da amsa sai ya duba duka biyun. Jimla ɗaya ce tak a cikin bayanin. Abokina ya riƙe kuɗinsa har sai da masu kamfanin suka gyara takardunsu. Ban manta wannan daren ba.

Na kuɗin kuwa, shafinsa ya yi kyau, kuma yana da sauri. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Bayaninsa layi ɗaya ne, wai a shigar da suna a samu kamfani. Bai faɗi daga wace rajista aka ɗauko ba, bai faɗi yaushe ba, in kuma bai samu komai ba sai ya dawo da amsa fayau ba tare da alamar kuskure ba. Na biya kuɗin shekara, na ajiye shi bayan wata biyu.

Ka sani dai na farkon Birtaniya kaɗai yake gani. Kuma shekara da shekaru rajistar tana karɓar abin da masu kamfani suka rubuto ne, sai wata dokar Birtaniya ta 2023 ta ƙara mata ikon tuhuma da ƙin karɓa, saboda haka tsohon bayani yana buƙatar ido. In kamfanin na wata ƙasa ne, nemi lambar LEI, wato lambar shaidar kamfani ta duniya mai gurbi 20, a wurin GLEIF, gidauniyar da ke kula da ita, dubawar ma kyauta ce, sai dai ba kowane kamfani ne ya yanka ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu kwasar bayanan da gwamnati ke bayarwa kyauta, su ajiye tsohon kwafi, su ce maka kai-tsaye ne. Gwajin da za su nuna maka kullum da manyan kamfanoni ne da kowa ya sani. Kafin ka biya ko sisi, ba kayan aikin lambar kamfani da ka ƙirƙira da kanka, da kamfanin da ka san an rushe, da kamfanoni biyu masu suna kusan iri ɗaya. In ya samo maka kamfani da lambar ƙaryar nan, ko mai sayarwa ya ce sai ka biya kafin ka ga takardar bayani, rufe shafin ka tafi.