Wurin karnukan da aka yasar a Garwa, da yadda muka ɗauko Kunya

Jama'a salamu alaikum. Wata huɗu ke nan da na ɗauko wata ƴar ƙaramar karya daga hannun wani likitan dabbobi nan Garwa, kuma tun lokacin mutane ke tambayata ya wurin yake, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani.

Ni asali karen gadi nake nema. Bara da damina sau biyu ana tsallako mana katanga, aka tafi da akuya da kaji shida. Wani abokina mai sayar da maganin dabbobi ya ce akwai wani dokta da ke tara karnukan da aka yasar a bayan asibitinsa, wasu masu su ne aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Yawunde ko Duwala suka tafi suka bar su, wasu kuma ƴan kwikwiyo ne da ake tsinta a bola. Na hau moto na tafi, cikin watan Maris, kun san zafin Garwa a wannan lokacin, ko iskar Binuwai ba ta kawo sauƙi.

Bari in fara da abin da bai yi min ba. Wurin yana wari, gaskiya ce, tun daga ƙofa za ka ji. Yaro ɗaya ne ke wanki da shara da ba da abinci, aikin ya fi ƙarfinsa. Na jira fiye da awa ɗaya kafin dokta ya dawo daga duba shanun wani, kuma wayarsa sai ka kira sau uku sau huɗu kafin a ɗauka. Ranar da na kawo karyar gida ma sai da na cire mata kaska uku a cikin kunne, alhali an ce min an yi mata magani. Wannan ya ɓata min rai kuma na faɗa masa ido da ido.

Amma fa abin da ya sa nake wannan rubutu daban ne. Da muka shiga baya, karnuka wajen goma suka taso suna haushi suna tsalle jikin waya, sai guda ɗaya da ba ta taso ba. Tana can lungu bayan robar ruwa, ƴar mitsitsiya, kalar ƙasa, haƙarƙari duk a waje, ta cusa wutsiya tsakanin ƙafafu tana rawar jiki, a wuyanta akwai sawun igiya inda gashi bai sake fitowa ba. Wallahi ban san me ya sa idona ya kasa barinta ba. Na ce dokta waccan fa? Ya ce "Alhaji, kada in cuce ka, wannan ba za ta yi maka gadi yanzu ba, wataƙila ma ba za ta taɓa yi ba. A ɗaure aka same ta yara suna jifanta." Mutumin da ke neman ya rage bakin da yake ciyarwa, da ya so sai ya ce min ai jaruma ce in ɗauka in tafi. Bai yi haka ba. Sai ma ya juya ya fara yi min tambayoyi, gidanka da katanga? akwai inuwa? yara nawa, shekarunsu nawa? za ka ɗaure ta ne ko za ka sake ta a tsakar gida? uwargida ta san da maganar?

Kuma ya hana ni ita a ranar. Ya ce in dawo sau uku tukuna. Duk zuwa sai ya ajiye min benci nesa da ita kaɗan, ya ce in zauna in ba ta gefe, kada in kalle ta cikin ido, kada in miƙa hannu ta saman kanta domin hannun da ke zuwa daga sama shi ta sani da duka, in dinga jefa mata ɗan dafaffen nama ƙasa ina rage nisa a hankali. Zuwa na farko ko motsi ba ta yi ba. Na biyu ta ci bayan na juya baya. Na uku ta matso da ciki a ƙasa ta shinshina takalmina, ta koma da gudu. Dokta ya ce to yanzu kana iya tafiya da ita.

Ba sayar da ita ya yi ba, kuɗin allurai da maganin tsutsa da aikin hana haihuwa kawai na biya, ya ba ni karne, wato katin alluranta, da tambari da kwanan wata a ciki. A nan ya zaunar da ni kan maganar ciwon haukar kare, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan ya riƙe. Ana yi wa kwikwiyo allurar rigakafinsa tun yana wata 3, sannan a riƙa maimaitawa yadda aka rubuta a karne. Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum to sai dai addu'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma yara na cikin waɗanda ya fi ci. Mu nan mun yi sa'a akwai reshen Centre Pasteur, cibiyar gwaji da binciken cututtuka, a Garwa. Maƙwabtanmu na Injamena a 2012 da 2013 sun bi unguwa-unguwa suna yi wa karnuka allura kyauta har suka kai kusan kashi 70 cikin ɗari, ciwon ya ja baya sosai a birnin. Abin ana iya yi ne in an sa kai.

A gida kuwa, kwana uku tana ƙarƙashin tsohon gadon ƙarfe da ke rumfa, ba ta cin abinci in ana kallonta, sai da safe mu ga kwanon wayam. Na kafa wa yara doka, ba ihu, ba bi, ba taɓawa sai ita ta zo da kanta. Ƴar autata ce ta sa mata suna Kunya, sunan kuma ya zauna.

Hajiya mahaifiyata ba ta so ba da farko, ta ce me ya haɗa gidan salla da kare. Ban yi gardama da ita ba, na je wurin malamin unguwarmu. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya an yarda a ajiye kare don gadi ko farauta ko kiwo, a ware masa kwanonsa, in ya sa baki a wani kwano a wanke sau bakwai, a bar shi a tsakar gida ba cikin ɗaki ba. Ya kuma tuna min hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Na kawo wa Hajiya yadda ya faɗa. Ba ta ce komai ba, amma yanzu ita ke cewa a duba ko ruwan Kunya ya yi zafi a canza mata.

Abincinta ragowar tuwo ne da kifi ko ɗan nama, sai dai dokta ya hana miya mai albasa da yawa da dafaffen ƙashin kaza, ya ce ƙashin yana tsagewa ya soki hanji.

Sati na shida, wajen ƙarfe biyu na dare, na ji wani siririn haushi sau biyu. Na fito da tocila, wani ne ya taɓa ƙofar waje ya wuce, ita kuma tana tsaye tsakiyar gida jikinta na kyarma amma ba ta gudu ba. Shi ne karo na farko da na ji muryarta. Na tsuguna ta gefe kamar yadda aka koya min, ta zo ta ɗora haɓarta a gwiwata, na daɗe a haka ban tashi ba.

Har yau in baƙo ya shigo ƙarƙashin gado take komawa, in aka ɗaga tsintsiya ma sai ta rusuna. Wanda ke son babban kare mai ban tsoro a sati guda, ko wanda zai ɗaure dabba a rana ya manta da ita, don Allah kada ya je, dokta ma ba zai ba shi ba. Wanda ke da katanga da inuwa da lokacin zama a benci, ya je da sassafe kafin dokta ya fita kewaye, ya tafi da ɗan nama a leda, kuma ya duba kunnuwa da kyau kafin ya bar wurin.