Wane zama ya dace da mai son barin giya a Jos?

Wanda ya shekara yana buɗe safiyarsa da goskolo, ko ya saba kwana a gidan burkutu, kada ya fara da neman ƙungiyar masu taimakon juna wajen barin sha. Ya fara da likita. Jikin da ya saba da barasa kullum, idan aka yanke masa ita lokaci guda, yakan kama rawar hannu da gumi da amai cikin sa'o'i kaɗan, wani ya yi jijjiga, wani kuma bayan kwana 2 ko 3 ya shiga sambatu da gane-gane, abin da kan kai ga rasa rai. Sashen likitocin ƙwaƙwalwa na JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, na duba irin wannan, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Ƙungiya aikinta riƙe mutum bayan an sallame shi, lokacin da tsofaffin abokai suka fara kiran waya.

Mafi daɗewa ita ce Alcoholics Anonymous, wadda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka kafa a garin Akron na Amurka a 1935. Sharaɗin shiga ɗaya ne, mutum ya kasance yana son daina sha. Ba kuɗin rajista, sai ɗan abin da aka jefa a kwano don hayar ɗaki da shayi. Sunan farko kawai ake faɗa. Tafiyar tana kan matakai 12, kuma sabon shiga yakan zaɓi wani da ya daɗe da bari ya zame masa jagora, wanda zai iya kira da tsakar dare idan ƙwalba ta fara yi masa gizo. A ganina wannan jagoran ya fi komai daraja a tsarin, domin likita ba zai ɗauki wayarka ƙarfe biyun dare ba. Wani babban nazari da cibiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta fitar a 2020 ya nuna tsarin yana kai mutane ga barin sha gaba ɗaya daidai da sauran hanyoyin magani, wani lokaci ma fiye.

Inda Bahaushe zai ɗan tsaya shi ne batun addini da wurin zama. Matakan suna maganar miƙa lamari ga Ubangiji gwargwadon yadda kowa ya fahimce shi, kuma sau da yawa ɗakin coci ake ara. Ƙungiyar ba ta coci ba ce, amma a Jos kowa ya san Musulmi daga Gangare ko Unguwar Rogo zai yi tunani kafin a gan shi yana shiga harabar coci da daddare. Akwai Millati Islami, wadda aka kafa a Baltimo a 1989, ta ɗora matakan nan kan Alƙur'ani da tuba. Kirista kuma yana da Celebrate Recovery, mai tafiya da Littafi Mai Tsarki.

Wanda bai son a haɗa masa da wa'azi, SMART Recovery ta fi kusa da shi. Tun 1994 take, kuma darasi ne na yadda za ka gane abin da ke tunzura ka, ka daure har sha'awar ta wuce, ka tsara ranar albashi tun kafin ta zo. Ita da Millati Islami ta intanet ake shigarsu daga nan, da Turanci, kuma sai da data da ɗakin da ba mai jinka. A gidan haya mai ɗaki ɗaya wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Amma rufin asirin zaman intanet babu kamarsa, kana iya kashe kyamara ka saurara kawai.

Zaman da asibiti ko masu ba da shawara na NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ke haɗawa yana da ƙwararre a ciki, kuma ana iya magana da Hausa. Ga mai haɗa giya da tramol ko wiwi, nan ya fi dacewa. Su ne kuma za ka tambaya wace ƙungiya ke zama a gari a halin yanzu, domin ranaku da wurare suna sauyawa.

Ko wanne ka leƙa, ka tambaya: wa ke da izinin shiga? Zaman da aka keɓe wa masu fama da matsalar kaɗai ya fi wanda kowa ke iya zuwa kallo. Ana ɗaukar hoto? In ana yi, tashi. Ƙarfe nawa ake zama? Wanda ya faɗo daidai lokacin da ka saba tafiya mashaya, bayan Magariba ko yammacin Asabar, ya fi amfani. Lissafa kuɗin Keke daga Bukuru zuwa Taminus kowane mako, don zaman da aljihu bai ɗauka ba za a daina zuwansa. Kuma ka tambayi yadda suke karɓar wanda ya koma ruwa. In kunyata shi suke yi, ba zai dawo ba.

Iyaye da mata su yi hattara da wurin da ke neman kuɗi mai yawa da alkawarin warkewa cikin mako biyu, ko ya hana ziyara. Gidajen marin da 'yan sanda suka fasa a Kaduna a 2019, inda aka tarar da ɗaruruwan mutane, wasu cikin sarƙa, da sunan gyaran tarbiyya suka karɓi 'ya'yan mutane. Su kansu iyalin suna da tasu ƙungiyar, Al-Anon, tun 1951, kuma ana shiga ko da mai shan bai yarda ya je ko'ina ba tukuna.