Shatar mota daga Kano zuwa Jos: zuwa lafiya, dawowa da ɓacin rai

Masu hayar motar nan da ake ta tura tallansu a guruf-guruf na WhatsApp, masu cewa su ba ka mota da direba ka je inda kake so ka dawo, su muka ɗauka zuwa Jos a dogon hutun nan. Ba zan kama sunansu ba, amma duk mai shirin kai iyali tafiya mai nisa ya karanta wannan tun bai tura musu kafin alƙalami ba.

Autarmu ce dalilin tafiyar. Ma'aikaciyar jinya ce, ta samu aikin hutu a wani sansanin yara da ake yi a gindin duwatsun Shere. Hajiyarmu ba ta taɓa rabuwa da ita tsawon haka ba, tun da ta ji akwai ranar ziyara ta kafe sai an kai ta. Ga ta da ciwon gwiwa, ga yara, motar tasha ba za ta yi mana ba, shi ya sa maigida ya ce a yi shata. Kuɗin kuwa kun san yadda ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Mun biya ba mu yi ƙorafi ba, don sharaɗin a fili yake: motar tamu ce mu kaɗai, daga safiyar Asabar zuwa daren Lahadi.

A zuwa sun burge ni, gaskiya. Sienna suka ce, ita suka kawo, a wanke, kuma muna idar da Asuba direban na ƙofar gida. Dattijo ne mai natsuwa. Shi ya gyara wa Hajiya kujerar gaba ta miƙe ƙafa. Daga Kano zuwa Kwanar Dangora titi sumul, bai ce don haka zai yi ta sharara gudu ba. Da muka karya muka nufi Tudun Wada, inda ramuka suka fara, sai na ga ya san hanyar sosai, tun kafin a iso rami ya rage gudu. A dajin Falgore yara suka yi ta leƙen birai, shi kuma yana gaisawa da sojojin da ke shingaye cikin mutunci, ba wanda ya tsare mu. A Saminaka ya tsaya muka sayi gasasshiyar masara, daga nan Jengre, sai hawa. Tun a mota na riƙa ce wa maigida in mun koma zan yaba musu a guruf ɗin unguwa.

Sanyin Jos a watan Agusta daban yake. Garin kansa ya kai wajen mita 1,200 a sama da teku, ƙololuwar Shere kuma mita 1,829, to ga ruwa ba ya ɗaukewa. Ta hanyar Lamingo muka bi, hazo ya rufe kan duwatsun. Mun tarar da auta cikin rigar sanyi har da safa, a ɗan ɗakin shan maganinta, tana ɗaure wa wani yaro ƙafa da ya yi targaɗe wajen hawan dutse. Ta ce aikinta kusan kullum mura ne da targaɗe da yaran da kewar gida ke sa wa ciwon ciki, musamman waɗanda aka kawo daga garuruwa masu zafi. Hajiya ta rungume ta tana cewa, "Auta, haka kika rame?" alhali ni ƙiba ma na ga ta yi. Aka sauke mata dambun nama da yaji da ƙuli-ƙuli. Yarana kuwa da suka ga sa'anninsu suna fareti suna tsallake igiya, suka ce baɗi sai an kawo su. Ranar ta yi daɗi ƙwarai, kuma direban bai taɓa matsa mana mu yi sauri ba.

Lahadi ce ta ɓata komai. Mun yi da direban muna sallar Azahar za mu kama hanya, don mu wuce Falgore da sauran rana. Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba a wasa da wannan. Muka tsaya a kasuwar Farin Gada, tunda a kan hanya take, mu sayi tsarabar dankali da karas da kabeji. Muna dawowa da 'yan ledojinmu sai na tarar an naɗe kujerar baya, 'yan dako suna ta cusa buhunan dankalin turawa a ciki, wasu kuma ana ɗaure su a saman mota. Na zaci kuskuren mota suka yi. Ashe direban ne ya karɓi kayan wani ɗan kasuwa zai kai masa kasuwar 'Yankaba a Kano.

Maigida ya ce, "Malam, wannan fa? Ba shata muka yi ba?" Ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ɗan na cefane ne, yaran sai su matsa a tsakiya." Su matsa ina? Ni da yara da jakunkuna duk a kujera ɗaya, tun daga Jos har Kano? Maigida ya ce a sauke. Mai kayan ya riga ya biya ya tafi, wayarsa ba ta shiga, 'yan dako suka ce su ba za su sauke ba sai an sake biyansu. Aka kira ofis. Wanda ya ɗauka cewa ya yi, "Yallaɓai, ku daidaita da shi mana, ai duk Kano za ku." Amsar da muka samu ke nan daga mutanen da suka karɓi kuɗinmu cif. Muna nan tsaye ana ja-in-ja cikin yayyafi har aka kira La'asar. Hajiya ce ta gaji ta ce a bari a tafi haka nan, dare na yi.

Mota ta yi nauyi, bayanta ya zauna, duk ramin da aka shiga sai ka ji ƙasanta ya daki titi. Tsakanin Jengre da Saminaka tayar baya ta fashe. Allah ya tsare, ya riƙe sitiyari da kyau, wannan kam ba zan hana shi ba. Amma jak ɗin yana can baya, buhuna sun danne wurin. Sai da aka sauke su ɗaya bayan ɗaya a bakin titi, ruwa na zuba, maigida da kansa yana kama buhun dankalin da ba nasa ba. Hajiya na zaune a kan jaka a gefen hanya, na rufa mata zane, ƙaramin ɗana yana rawar ɗari. Har yanzu in na tuna tsohuwar nan a wannan hali sai raina ya ɓaci. Abin da kawai ta ce wa direban shi ne, "Ɗan nan, kwaɗayi mabuɗin wahala."

Ba mu shiga Saminaka ba sai bayan Magariba. Maigida ya ce ba zai shiga Falgore da iyalinsa da dare ba, a mota mai nauyi kuma babu sauran tayar canji. Muka nemi masauki muka kwana, daga aljihunmu. Maigida ya rasa aikin safiyar Litinin, Hajiya kuma gwiwar ta kumbura saboda sanyi.

Da safe direban ya zo ya durƙusa gaban Hajiya ya ba ta haƙuri. Ya ce abin da ofis ke ba shi a tafiya ba ya kai shi ko'ina, kuma kusan duk direbobinsu haka suke yi in za su dawo daga Jos, ofis ma ya sani. Na ji tausayinsa, don mutumin kirki ne a sauran al'amuransa, kuma tuƙinsa babu abin kushewa. A raina har na fara cewa a bar maganar, tsautsayi ne.

Sai ga saƙo daga ofis bayan mun iso gida, wai mun riƙe musu mota ta ƙara kwana, mu turo cikon kuɗin yini guda. Ko sannu babu, ko tambayar jikin Hajiya babu. Mu da ya kamata a mayar wa kuɗin masauki da na kujerar da muka biya aka ɗora wa dankali! Maigida ya tura musu hoton buhunan a cikin mota da rasit ɗin masauki, ya ce su fara lissafi daga nan. Sun karanta, ba su amsa ba, kuma sisi ba mu ƙara musu ba.

Wanda ya ga dole sai ya ɗauke su, ya sa a rubuta masa a saƙo cewa ba ɗaukar kaya ko fasinja a hanya, zuwa da dawowa, ya kuma duba tayoyi da inda jak yake da idonsa kafin a tashi. In zai bi ta Farin Gada, kada kowa da kowa ya fita ya bar motar. Ni dai ba zan sake ba su kuɗina ba, kuma ƙawata da ke shirin kai 'yarta Jami'ar Jos na riga na gaya mata ta nemi wasu.