Gwajin yoyon tanki da aka yi mana a Garwa

Kusan wata biyu littafin gidan manmu yana nuna giɓi. Kullum da safe mu zura sandar awo cikin tankin fetur, mu gwada da abin da famfo ya nuna an sayar, sai a ga lita 25 ko 30 sun yi ɓatan dabo. Da fari zafi na ɗora wa laifi, tunda fetur yana kumbura yana tsukewa, kusan lita 1 cikin 1,000 a kan kowane digiri, kuma kowa ya san ranar Garwa a watan Afrilu. To amma da zafi ne, ai da wata rana an samu rara. Namu kullum ragi ne. Na sa aka tsananta awo duk lokacin da tanka ta kawo mana kaya daga depon SCDP, kamfanin da ke ajiye man fetur a Kamaru, lissafin can daidai yake. Daga nan zargina ya koma kan yaran famfo, har na gaya wa ɗayansu magana mai zafi a gaban abokan ciniki.

Ranar da hankalina ya tashi ita ce ranar da wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta zo da kwanon ruwa, ta ce, "Alhaji, shinshina wannan, daga rijiyarmu ne." Maiƙo ne kwance a samansa yana ƙyalli kala-kala.

Wani kamfani na kira daga Duwala. Sun saɓa alkawarin zuwa da kwana huɗu, abin ya ci mini rai. Amma da suka iso, su biyu, sun yi aiki na waɗanda suka san hannunsu. Sun sa muka rufe sayarwa tun daren jiyansa domin man ya natsu. Da safe suka shafa wani man gwaji a bakin sanda, wanda yake komawa ja idan ya taɓa ruwa. Bai sauya ba, alamar ruwa bai shiga tankin ba. Sai suka toshe duk ƙofofin tankin har da bututun iska, suka zuƙe iskar ciki, suka zura na'urar saurare. Babban cikinsu ya ɗora mini abin sauraren a kunne, ya ce, "Alhaji, in da huda, za ka ji iska tana kumfa cikin man." Shiru kake ji. Ya ce na'urarsu tana kama yoyon da bai wuce lita 0.38 a awa ba, ma'aunin da ake bi a Amurka. Ƙanƙani ne a ji, amma lita 9 ke nan a kwana.

A bututun da ke kai mai daga tanki zuwa famfo asiri ya tonu. Suka gwada kowanne shi kaɗai, suka matsa masa, muna kallon allurar ma'auni tana sauka a hankali. Aka haƙa gefen famfo na biyu, ƙasar ta yi baƙi tana ɗaukar hanci. Da aka zuba ruwan sabulu a wata gwiwar ƙarfe da tsatsa ta cinye, sai ga kumfa tana tashi.

Inda suka gaza: rahoton da Faransanci zalla suka rubuta, irin na injiniyoyi, sai da na nemi mai yi mini fashin baƙi. Ba sa gyara, ba su kuma ba ni shawarar yadda zan yi da gurɓatacciyar ƙasar ba, alhali damina na ƙaratowa, ruwa zai wanke ta ya gangara da ita Binuwai. Kuɗin hanya kuma ya kusa kamo na aikin, don tafiyar ta haura kilomita 1,000. Mai gidan mai a Garwa ko Marwa da ke son kiransu, ya haɗa kai da 'yan uwansa uku ko huɗu su raba kuɗin mota, ya kuma tabbatar gwajin bututu na cikin ciniki, don farashinsa daban ne.

Mun sauya bututun, mun kwashe ƙasar da muka iya, giɓin ya tsaya. Yaron nan na kira shi a gaban waɗanda suka ji faɗan na nemi gafararsa. Rijiyar maƙwabciyarmu har yau ba a shan ruwanta, ni nake biyan mai kura yana kai musu jarka shida kowace safiya.