Ajin yoga na mata a Ikeja: abin da bayana ya samu da abin da na ƙi yi

Duk telar da ta daɗe a kan keke ta san ciwon nan da ke tasowa daga ƙugu ya gangara cinya, har sai an dafa bango kafin a miƙe daga sujada. A Agege ta Legas nake ɗinki, kuma likitar gashin ƙashi da nake gani ce ta ce man shafawa ba zai ƙara mini komai ba, in nemi inda ake miƙa jiki a hankali. Ita ta ambaci yoga. Tun da labari ya bazu, matan unguwa ke tare ni da tambaya, wasu don nasu bayan, wasu don sun ji an ce addinin Indiyawa ne na shiga. Ba zan kama sunan wurin ba, tunda akwai inda zan soke su.

Saman bene ne a Ikeja, ta wajen Allen. In na dace da lokacin jirgin ƙasa na Red Line, daga tashar Agege sai ta Ikeja, sannan in ƙarasa a danfo, don an hana acaba a yankin tun 2022. In ban dace ba, sai gosulo ya ci rabin ƙarfin da na fito da shi. Ɗakin yana da tsabta, daɓen katako ne, kuma ko an ɗauke wuta janareta na tashi nan take. Tabarmar robar da suke ba da haya kuwa, Allah ya sawwaƙe, warin zufan wata ne zai fara yi miki maraba. Ki sayi taki. Wurin sauya kaya ma ƙanƙane ne, mutum biyu sai da gogayya.

Ajin safe na ranakun aiki mata ne zalla, malamar ma mace ce, Bayarabiya Kirista da ta yi koyon abin a Indiya. Alhaja take kirana, ni kuma in ce mata Anti. Da wando mai faɗi da doguwar riga da hula nake yi, ba wadda ta taɓa kallona sau biyu. Abin da ya fara ɓata mini rai shi ne ƙofar gilashi, ga maza masu ɗaga ƙarfe a ɗakin gefe suna wucewa. Na yi magana, aka ce za a duba, sai da wata Hajiya 'yar Idi-Araba ta ce a mayar mata da kuɗinta kafin labule ya bayyana.

Aikin kansa awa guda ne. Ana farawa da numfashi ta hanci, a ja a hankali, a saki a hankali. Sai a durƙusa da hannu da gwiwa ana lanƙwasa gadon baya sama da ƙasa, sai a kwanta rigingine a ɗaga ƙugu, sai a kama tafin ƙafa da igiya a miƙe jijiyar bayan cinya. A nan na gane ashe rabin ciwona daga cinyar dama yake, ƙafar da ke taka keke. Anti ba ta tilasta wa kowa. In hannunki bai kai ƙasa ba sai ta turo miki ɗan bulo na soso, kuma ba ta taɓa jikinki sai ta nemi izini. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, amma yanzu ina zaman tahiya ba tare da na karkace ba, barci kuma ya gyaru. Mai neman rage ƙiba kada ta sa rai, tumbina yana nan inda na san shi.

Sai maganar da kowa ke son ji. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ce mini motsa jiki ne kawai, ba ruwansa da addini. Ban yarda da ita ba, don ina shiga na hango wani mutum-mutumin tagulla mai hannu huɗu a kan kantar wurin, yana rawa cikin da'irar wuta. Da na tambayi Anti ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce Shiva ne, ɗaya daga cikin waɗanda mabiya addinin Hindu ke bauta wa, kuma asalin yoga hanyar ibada da horar da zuciya ce. Tsohon littafin Patanjali, wanda masu abin ke dogaro da shi, ya kasa yoga rassa takwas, zaman jiki reshe ɗaya ne kacal a ciki, sauran kuwa gaskiya ce da kame kai da numfashi da zurfafa tunani. Amma ta ce yawancin lanƙwashe-lanƙwashen da muke yi a jere sabon abu ne. Wani malami, Krishnamacharya, shi ya tsara irin wannan salo a fadar Mysore a shekarun 1930, almajiransa irin su Iyengar suka kai shi Turai da Amurka, can kuma ya koma sana'ar gyaran jiki.

Wannan amsa ce ta sa na ci gaba da zuwa. Da ta rufe ni da “motsa jiki ne kawai” kamar yarinyar can, da tuni na tattara. Wanda ya faɗa miki inda rami yake, kya iya bin sa a hanya.

Akwai abu uku da ba na yi. Ba na furta “Om” ɗin da ake ja da murya, don lafazi ne mai tsarki a addininsu. Ba na haɗa tafin hannu a ƙirji in sunkuya wa kowa, sai dai in ce sannu da aiki. Na ukun ya fi ba ni tunani, wato jerin motsi goma sha biyu da suke kira gaisuwar rana. Anti ta ce tashe-tashen jiki ne, ba ta nufin komai da shi, kuma na yarda ita ba ta nufi ba. To amma ni an karantar da ni cewa ko nafila ba a yi daidai lokacin hudowar rana, don gudun kama da masu yi mata sujada. Ya za a yi in tsaya da hantsi ina sunkuyawa ina miƙewa a cikin abin da sunansa ma gaisuwar rana? Idan an zo nan sai in koma miƙa cinyata. Akwai kuma wani durƙuso da ake kifa goshi a tabarma, ni sai in tara hannu biyu in ɗora kumatu. Ba wanda ya taɓa ce mini don me.

Na kai maganar gun malamin Islamiyyarmu, na ce, “Allah ya gafarta Malam, ga abin da likita ta ce, ga kuma abin da na tarar.” Ya yi tambayoyi sosai, musamman kan maza da kan abin da ake furtawa. Ya ce miƙa jiki don lafiya halal ne a asali, in nisanci lafazi da sunkuyawar da ke da ma'anar bauta, kuma da zan samu irin wannan a wurin da babu gunki da ya fi masa daɗi. 'Yata ta lalubo mini a waya cewa malaman wasu ƙasashe ma sun sha bamban. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008. Ta Indonesiya a 2009 ta haramta wadda ake haɗawa da karatun ibadar Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuwa ta amince da ita a matsayin wasa a 2017. Ƙanwar maigidana dai har gobe tana ganin bai kamata in taka wurin ba, ban kuma ce ba ta da hujja ba.

Na leƙa ajin yammacin Asabar, shi kam wani abu ne daban. Maza da mata a haɗe, akwai Indiyawan Ilupeju, an kunna turaren tsinke, an rage fitila, ana rera baitoci da Sanskirit, tsohon harshen Indiya, kafin a fara. Su da gaske suke yi, ba wasa ba, kuma ganinsu ya ƙara tabbatar mini cewa ba ƙarya ba ne a ce abin yana da ruhi a wurin masu shi. Na ja takalmina a hankali na sauko. Haka ranar 21 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa yoga tun 2014 bisa shawarar Firaministan Indiya Narendra Modi, sun gayyace mu taron kyauta a fili, na ce a kai kasuwa.

Abin da nake ganin ya rage musu shi ne su rubuta a jadawalinsu wane aji ne ake rera baiti, wane ne ba a yi, maimakon a bar mutum ya biya sannan ya gani da idonsa. Mutum-mutumin ma, bayan mun yi magana, Anti kan shigar da shi ofis lokacin ajin safe, amma ranar da wata malama ta canje ta sai ki tarar da shi a mazauninsa.

Kuɗin ba na talaka ba ne. Zama guda ya kusa kuɗin ɗinkin riga da zane marar aiki a shagona, na wata kuma ya fi sauƙi, sai dai in kin yi fashi ba a ɗaga miki ko kwana ɗaya. Shi ya sa nake biyan na zama-zama, abin da na koya kuma in maimaita a ɗaki bayan walaha. Wadda za ta je ta tambayi sunan malamar da ke kan ajin ranar kafin ta biya. Mai ciki da mai hawan jini su faɗa tun a bakin ƙofa, don akwai motsin da kai ke komawa ƙasa da ƙirji, kuma malamar da ke canjin Anti ba ta tambaya.