Tabarmar Filifin da tamu ta kaba

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Masu tambayar ko akwai kayan hannu a Filifin da suka isa a saro a kai gida, amsata ita ce tabarmarsu, wadda suke kira banig. Wajen laushi da kyan zane ta fi tamu ta kaba nesa ba kusa ba. Wajen jure wahala kuwa tamu ce gaba, kuma wanda bai san haka ba zai yi asarar kuɗinsa.

Wadda aka fi gani ita ce ta garin Basey a tsibirin Samar. Da wata ciyawar fadama mai suna tikog ake saƙa ta. A yanko, a shanya, a ware ta bisa kauri, a rina, a murza ta kwanta, sannan a saƙa. Bayan an gama ne ake ɗora mata ado da tsagaggen ganyen buri, wani irin giginya nasu. Ciyawar tikog ba ta son bushewa sosai, da ta ji zafi sai ta yi ta karyewa a hannun masaƙa. Shi ya sa matan Basey suke zama a kogon Saob su yi aikinsu cikin sanyi. To ku auna abin da hunturun Kano ko na Damagaram zai yi mata. Tabarmar ɗaki ce, ba ta tsakar gida ba. A naɗe ta, kada a ninke, don daga bakin ninki take fara tsagewa.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta Musulmin ƙabilar Sama na tsibiran Tawi-Tawi, can kudancin ƙasar. Su ganyen pandan, wani tsiro mai dogon ganye da ƙaya, suke amfani da shi: a cire ƙayarsa, a tsaga siri-siri, a dafa, a shanya, a goge ya yi laushi, a rina. Daga tsakiya suke fara saƙar zuwa gefe, babu zane a takarda, lissafin duka a ka yake. Sai a ɗinka mai launin a kan wata farar tabarma, ta zama ruɓi biyu. Mai kyau takan ci wata biyu zuwa uku. Marigayiya Haja Amina Appi ta garin Tandubas a Tawi-Tawi ta samu lambar girmamawa ta ƙasa a 2004 saboda wannan sana'a, abin da nake fatan a yi wa masaƙanmu.

A Manila ana samun banig a ƙarƙashin gadar unguwar Quiapo, ba nisa da Masallacin Zinariya da aka gina a 1976, kuma ana ciniki kamar a Kurmi. A manyan kantuna farashi ɗaya ne, babu tayi. Kafin ku biya, ku ɗaga ta sama ku duba: in haske na ratsawa, saƙar ba ta matsu ba. Ku shinshina, don ƙasar akwai danshi, kuma wadda ta fara fumfuna ba ta gyaruwa. Ku goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan launin, musamman ja, ku ga ko yana zuba.